Ƙaramar Ƙofar Bayan Rumbu

Na san abin da ake faɗa muku a kaina. Kun girma kuna jin ana cewa ubanku yana da hulɗa da mutanen daji, kuma ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya, ko don tsoron amsar da zan bayar. Yanzu ƙarfi ya tafi, ido ma ya fara gajiya da takarda, gara in rubuta muku da hannuna tun ina iyawa. Ban taɓa kai wa ɗan bindiga labarin garinmu ba, ko sau ɗaya. Amma na yi laifi, kuma ba shi ne wanda ake faɗa ba.

Ban nemi sarautar dagaci ba. Lokacin da kakanku ya rasu, ni mai zuma ne. Ina da amya rataye a itatuwa tun daga bakin gari har cikin daji, kuma ranar da na fi so ita ce wadda zan fita da safe in dawo da yamma ba tare da na yi magana da kowa ba. Ƙanena Haruna, baffanku, shi ne mai son jama'a, shi ne mai baki, shi ya kamata a naɗa. Dattawa suka ce ba a tsallake babba. Wakilin hakimi ya zo ya naɗa mini rawani a ƙofar gida, aka yi ta guɗa, ni kuwa ina jin kaina kamar an ɗora masa dutse.

Ba za ku gane irin zaman zaure ba sai kun yi shi. Kafin in dawo daga sallar asuba mutane sun cika tabarmi. Wannan shanu sun shiga masa dawa, wancan maƙwabci ya ci masa kunya biyu a iyakar gona, wata ta yi yaji an zo biko, ga ma'aikatan rigakafi suna jiran in raka su gida-gida, ga 'yan siyasa da motocinsu. Ba na cin abinci ni kaɗai. Ba na dariya yadda nake so, don dariyar dagaci ma fassara ta ake yi. In na ce zan je kasuwar Tsohon Birnin Gwari, kafin in sa takalmi mutum biyar sun miƙe za su raka ni. Kowa ya san inda nake, kowa ya san abin da na ci. Ban ƙi mutanen nan ba, Allah shaida ne. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Kakarku ta wajen uba Bagwariya ce, kun sani. Yayanta, Kawu Jatau, maharbi ne, kuma tun ina saurayi ya nuna mini wata hanya. Katangar bayan gidanmu ta jingina da wani kwari da gora da ƙaya suka rufe ruf, wanda ya tsaya a waje zai rantse ko akuya ba ta iya shiga. Amma a ƙarƙashin gorar akwai tsohuwar hanyar ruwa. Mutum zai yi tafiya a sunkuye, sai ya isa wani tsagaggen dutse da ake ratsawa a karkace, mutum ɗaya bayan ɗaya. Yana fita sai ga fili, da ɗorawa uku, da ruwa yana ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. In ya ci gaba ya gangara, kafin rana ta faɗi yana cikin gonakin Kusasu. Kawu ya ce kakanninsu ta nan suke tsira a zamanin hari, ya ce shi kaɗai ya rage da ya san ta. Da ya rasu sai ta zama ni kaɗai.

Shekara biyu da naɗina na ɗauki gatari na fasa 'yar ƙofa a katangar, daidai bayan babban rumbu, na rufe ta da zana. Mahaifiyarku Asabe ce kawai ta sani. Duk ranar Alhamis bayan azahar sai ta leƙa zaure ta bayan labule ta ce mai gari ya ɗan kwanta, kansa na ciwo. Garin nan duka ya yarda ina da ciwon kan Alhamis. Har jiƙe-jiƙe aka riƙa kawo mini, wata tsohuwa ta ce aljani ne mai bin kwanaki, ta kawo turare. Ni kuwa ina can. In cire rawani in rataye a reshen ɗorawa, in naɗe wando, in tsoma ƙafa a ruwa. Na rataya amya uku a wurin, in duba su, in zauna. Shi ke nan abin da nake yi. Ba mace, ba caca, ba wani boka, duk da an faɗi waɗannan daga baya. Awa biyu ne a mako da ba wanda zai ce mini ranka ya daɗe. Shekara ashirin ina haka.

Sai dajin ya canza. Aka fara da shanun Fulanin da muka yi zaman shekaru da su, aka kore musu garke cikin kwana ɗaya, suka tattara abin da ya rage suka tashi. Sai hanya. Garinmu hanya ɗaya gare shi, wadda ta bi ta kan gadar rafi, kuma duk wanda ya tsare gadar nan ya tsare mu. Na kai kuka wajen hakimi, ya kai gaba, aka turo jami'ai suka yi kwanaki suka koma. Zauren ya ƙara cika, amma yanzu ba shari'ar gona ake kawowa ba, tsoro ake kawowa, kuma kowa na kallon bakina kamar akwai magani a ciki.

A bazarar wata shekara mutanen dajin suka shigo gari. Ranar Alhamis ce, bayan azahar. Ina zaune ƙafata a ruwa na ji wani abu kamar ana fasa itace daga nesa, sau ɗaya, sau biyu, sai ya haɗe. Na taso da gudu. A cikin kwarin na ci karo da mahaifiyarku, ta turo ku ukun ƙanana ta ƙofar, ta danne ku a ƙarƙashin gora, hannunta a bakin autarmu. Sauran mutanen gari kuwa hanyar da suka sani suka bi, suka ruga gada, suka faɗa hannun waɗanda ke jiransu a can. Mutum tara aka tafi da su. A cikinsu akwai Ladidi, matar Haruna.

Da ƙura ta lafa na fito zaure daga cikin gida, rawanina a karkace, ƙarangiya duk a gindin rigata. Haruna na tsaye a tsakiyar mutane.

"Yaya, ina ka shiga?"

Na ce, "Ina ciki."

"Na shiga ciki. Na ɗaga labulen ɗakinka, na kira sunanka. Ba kowa a gidan, ko yaro ɗaya."

Ban ce komai ba. Ya dubi ƙasan rigata, ya dube ni, ya juya ya tafi. Daga wannan shirun nawa maganar da kuke ji ta samo asali. Dagaci ya ɓace daidai lokacin hari, gidansa ba a taɓa kowa ba, ya dawo da ƙayar daji a jikinsa. In ni ne a matsayinsu, abin da zan zata ke nan.

Bayan 'yan watanni, mutum bakwai daga cikin taran suka dawo. Ladidi ba ta dawo ba, ita da wani dattijo. Waɗanda suka dawo sun ce zazzaɓi ne ya kama ta a can. 'Ya'yanta biyu mahaifiyarku ta ɗauko, suka koma kwana a ɗakinta.

Ga inda laifina yake, ku karanta da kyau. Ranar farko zan iya cewa ban san za a zo ba. Amma bayan ranar, wata huɗu na yi ban buɗe baki ba. Na riƙa faɗa wa kaina cewa in gari ya san hanyar, kafin mako ya zagayo mutanen daji ma sun sani, sai ta tashi a banza. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ta zauna mini da kyau. Abin da ke ƙasa shi ne, wurin nan shi kaɗai ne nawa a duniya, kuma ban so a taka shi. Sannan akwai wanda ya fi wannan muni. Na yanke shawarar gudu. Na ɗinka jaka, na sa riguna biyu da takardun gona da na makarantarku, na kai na cusa a tsagin dutsen. Niyyata in ajiye rawanin a kan buzun zaure, in kwashe ku mu fita ta baya, mu shiga mota a Kusasu, mu ɓace a Zariya inda ba wanda ya san ni. Ina kwana da tunanin nan ina tashi da shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi yake mini.

Malam Bitrus, shugaban makarantar firamarenmu, mutumin kudancin Kaduna ne da ya yi shekaru a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi kaɗai nake yin dara da shi. Wata rana da hantsi, damina ta yi nisa, ya jira zaure ya rage ya matso.

"Mai gari, ka san abin da ake faɗa?"

"Na sani."

"Ni ban yarda ba. Na faɗa musu a majami'a, na faɗa a kasuwa. Amma akwai abin da ka sani wanda ba mu sani ba, wannan kam na gani a fuskarka. Ina da yara a aji da ke zabura in an buga ƙofa. In abin zai amfane su, kada ka riƙe."

Na ce masa Allah zai kawo sauƙi. Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai sake zuwa dara ba.

Kwana uku bayan haka wata Bafullatana mai tallan nono, da ta saba da mahaifiyarku, ta shigo gida ta sauke ƙwarya ta raɗa mata cewa mutanen daji sun taru a hayin rafi, suna da yawa, ruwa kawai suke jira ya janye. Ta ce tuni akwai babura biyu da ke gadin gada. Ba ta tsaya an sayi nonon ba.

Na sami mahaifiyarku a bakin rumbu tana ɗibar dawa. Na ce mata ta shirya yara, gobe da safe za mu fita.

Ta ce, "Mu wa?"

"Ni da ke da yaranmu."

"Da na Ladidi?"

Na ce to, da su. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

"Su kuma ubansu fa? Da Inna makauniya ta maƙwabta? Malam, shekara ashirin ina yi maka ƙaryar ciwon kai, ban taɓa ƙorafi ba, don na ga yadda mutanen nan suke shan jininka, na ce bari bawan Allah ya huta. Amma ranar da na tura yarana ta ƙofar nan ina jin ihun Ladidi a waje. Ina jin ta, Malam. Taku ashirin ne tsakaninmu. Na ja zana na rufe, don ka ce kada kowa ya sani. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In za ka bi, ga hanya nan, ka bi. Ni ba zan sake jan zanar nan a bayana ba."

Ban san ta ji muryar Ladidi ba sai ranar. Wata huɗu tana ɗauke da wannan, tana yi wa 'ya'yan matar wanka, ba ta faɗa mini ba. Na zauna a kan turmi. Ba zan ce muku zuciyata ta cika da jarumta ba. Haushi na ji da farko, haushin an ƙwace mini abu. Daga baya kunya ta zo ta danne haushin.

Washegari da aka sallame asuba na miƙe a masallaci na ce kowa ya ɗauko iyalinsa da abin da zai iya riƙewa a hannu ɗaya, ya zo gidana, ba zaure ba, cikin gida. Na aika wa Malam Bitrus ya tara nasu mutanen. Ana yayyafi. Maza da ba su taɓa wuce zaurena ba suka shigo har tsakar gida suna sunkuyar da kai. Na janye zanar. Na ɗauki gatari na ƙara faɗin ƙofar, ƙasa na zubowa. Haruna ya matso ya leƙa cikin kwarin, ya ga hanyar a share, ta sha tafiya.

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin."

"Ranar da aka ɗauki Ladidi tana nan?"

"Tana nan."

Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa, ya kama hannun ɗan, ya sunkuya ya shiga. Shi ne na farko.

Ni na tsaya na ƙarshe. Ruwan ya ƙaru, kuma ya taimake mu, don ya rufe kukan jarirai. Samari suka goya tsofaffi. A tsagaggen dutsen aka daɗe, don buhu ba ya wucewa, mata suka riƙa kwance ƙunshi suna zaɓen abin da za su bari. Tukwane, tabarmi, keken ɗinki guda, duk a nan aka zubar. Da na ratso na tarar da garinmu kaf a filin ɗorawa. Yara sun shiga ruwan sun dama shi ya zama taɓo, wani ya jingina da itace ya kayar da amya ɗaya, ana ta kore ƙudan zuma da mayafi. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba sai nauyin ƙafafuna.

Sai ga Liman ya nufo ni da jaka a hannu. Wani ne ya zaro ta daga tsagin dutse, aka buɗe don a san mai ita, aka ga rigunana da takardu masu sunana. Leda na naɗe ta da ita, kuma ledar ta yi ƙura, kowa ya ga ba yau aka ajiye ta ba.

Ya ce, "Kayanka, ranka ya daɗe."

Na karɓa a gaban kowa.

Mun isa Kusasu gab da magariba, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Mutanen garin suka buɗe mana makaranta da zaurukansu. Kwana biyu bayan nan muka hango hayaƙi ta wajen garinmu. Waɗanda suka leƙa daga baya sun ce rumbuna aka fara ƙonawa.

Akwai waɗanda suka zo suka yi mini godiya, Malam Bitrus na cikinsu, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Akwai waɗanda suka ce wanda ya san ranar da za a zo, ya san masu zuwan. Akwai kuma waɗanda suka ga jakar, su ba su ce komai ba, sun dai daina miƙewa in na shigo. A mako na biyu na je wajen hakimi na cire rawanin na ajiye a gabansa. Ya ce in yi haƙuri, jama'a a warwatse sun fi bukatar shugaba. Na ce ranka ya daɗe, suna bukatar wanda za su yarda da shi, ga Haruna nan. Aka kira Haruna, ya ce ba ya so. Wani ɗan baffanmu aka ba.

Sauran kun san shi, a gabanku aka yi. Ɗaki biyun nan na Birnin Gwari, da ɗan teburin da nake sayar da goro. Yanzu ina tafiya kasuwa ni kaɗai, ina cin abinci ni kaɗai, in na kwana uku ban fito ba sai mahaifiyarku kaɗai ta sani. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, kuma an ba ni shi cikakke. Ba shi da daɗin da na zata.

Baffanku Haruna yana ƙauyen Saminaka da ke nan kusa da mu, yana noma gonar aro. Bai sake aure ba. Duk sallah ina hawa babur in je gaishe shi, ko da yake ni ne babba. In yi sallama, ya amsa sallamar don ta Allah ce, daga nan ba ya ƙara komai. In tsuguna a bakin ƙofa in gaishe shi, in tambayi yara, in yi shiru, in tashi. Na ji wasunku na cewa ya cika riƙo, har ɗayanku ya rantse ba zai sake taka gidansa ba. Ban yarda ba. Ku je, ku durƙusa ku gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba. Bai zalunce ni ba.

A sallar da ta wuce na je kamar kullum. Gwiwata ta matsa mini, tsugunon ya gagara, na dafa bango ina neman yadda zan yi. Yana zaune a tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba, bai yi magana ba. Ya dai ja jikinsa gefe, ya bar mini rabin tabarmar. Na zauna. Muka yi kusan awa guda a haka, yana fiƙe itacensa, ni ina kallon kaji, har aka kira la'asar muka tashi tare.